Wa Ke da Wasa? Rigimar Lasisi a Amurka da Darasinta ga Marubutan Hausa

Da zarar an gama girbin gero da dawa an kai dammuna rumbu, gindin bishiyoyin Tsanyawa kan cika da mutane tun hantsi. A bakin titin Kano zuwa Katsina, ko can cikin ƙauyuka irin su 'Yankamaye da Dumbulun, ba wuya ka iske mutum biyu sun share ƙasa sun tona gurabe 30, layi biyar na shida-shida. Wannan na riƙe da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12. Kowa na neman jera uku ya ci na abokinsa, 'yan kallo kuwa sun fi 'yan wasan zaƙuwa.

Babu wanda ya nemi izinin kowa kafin ya tona guraben nan. Idan baƙo ya zo daga Maraɗi da wata ƙa'idar da ta saɓa da ta gari, sai a yi musu, a daidaita, a ci gaba. Idan wani kafinta ya sassaƙa allon dara ya kai kasuwa, ba mai tare shi ya ce a ba shi kasonsa. Dara ta kowa ce, shi ya sa ta daɗe.

A watan Janairun 2023 wannan tambaya ta wa ke da wasa ta tayar da ƙura a Amurka da Turai, har wani kamfani mai jarin biliyoyin daloli ya janye maganarsa cikin mako uku. Wasan da aka yi rigimar a kansa ba a san shi sosai a ƙasar Hausa ba. Amma abin da aka yi jayayya a kai shi ne ainihin abin da ke ci wa marubutanmu da 'yan fim ɗinmu tuwo a ƙwarya shekara da shekaru.

Tatsuniyar da ake shiga cikinta

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kewayen tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke ba da labari: ga gari, ga daji, ga dodo a bakin kogo. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, wani jarumi, wani ɓarawo, wani mai magani, ya riƙa faɗin abin da zai yi. Ko ya yi nasara ko ya faɗi, ƙwaya mai lambobi ce ke yankewa, irin wadda ake jefawa a lido, sai dai shahararriyar cikinsu fuska 20 gare ta.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. A wasan kalankuwa na bayan kaka samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. Wasan gauta ma kwaikwayon fada ne. Abin da Amurkawan suka ƙara shi ne rubuta ƙa'idojin a littafi, da lissafin ƙarfin kowane jarumi da kowane dodo. Da aka rubuta, sai ya zama haja. Da ya zama haja kuma, sai maganar mai shi ta taso.

Kasuwar kuwa ba littafin ƙa'idoji kaɗai ba ce. Masu wasa kullum suna bukatar sabon labari, sabuwar ƙasa, sababbin dodanni, taswira da zane. Nan ne dubban ƙananan marubuta da masu zane ke samun abinci.

Daga barazanar kotu zuwa buɗe ƙofa

Kamfanin farko da ya mallaki wasan, TSR, ya yi suna wajen tsare kayansa. Ya kai ƙananan kamfanoni kotu, ya aika wa masoya wasan takardun gargaɗi don sun saka labaran da suka ƙirƙira a intanet. Duk da haka bashi ya kusa durƙusar da shi. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi, bayan shekara biyu kuma babban kamfanin kayan wasan yara, Hasbro, ya saye Wizards ɗin gaba ɗaya.

A shekarar 2000 wani jami'in kamfanin Wizards, Ryan Dancey, ya kawo shawarar da ta juya kasuwar. Ya ari tunanin ne daga masu rubuta manhajar kwamfuta da ke sakin aikinsu kowa ya gyara ya ƙara. Aka ware ginshiƙan ƙa'idojin wasan a cikin kundi guda, aka sake shi da wani gajeren lasisi da ake kira OGL. Ma'anarsa a sauƙaƙe: ɗauki ƙa'idojin nan, rubuta littafinka a kansu, ka sayar, ba sai ka biya ko sisi ba, ba sai ka nemi izini ba. Sharaɗi shi ne ka buga lasisin a littafinka, kuma kada ka taɓa sunan wasan da wasu sunaye da halittun da kamfanin ya keɓe wa kansa.

Ba sadaka kamfanin ya yi ba, kuma Dancey bai ɓoye haka ba. Lissafinsa shi ne, duk littafin da wani ya rubuta a kan ƙa'idojinsu zai tura mai saye ya nemi babban littafin kamfanin. Ƙananan littattafan da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, wasu su ɗauki wahalarsu. Kuma idan kowa ya saba da ƙa'ida ɗaya, wasannin da ke da wata ƙa'ida daban za su rasa 'yan wasa.

Lissafin ya yi daidai. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suka tsiro. Sai dai abin ya zo da nasa lahani. Kasuwa ta cika da littattafai marasa inganci, masu shaguna suka yi asarar kayan da suka ƙi tafiya, wasu masu wasanni masu tsarin kansu kuma suka watsar da nasu suka bi yayi. Wannan ɓangare masu yabon buɗaɗɗen lasisi ba su cika son ambatonsa ba, amma gaskiya ne: buɗe ƙofar ya haifar da masu gasa da yawa, ya kuma ƙara wa babban ƙarfi.

Yadda ƙuntatawa ta haifi abokin hamayya

A 2008 kamfanin ya fitar da bugu na huɗu na wasan, ya ƙi sa shi a ƙarƙashin tsohon lasisin, ya kawo wani mai tsauri. Akwai wani ƙaramin kamfani, Paizo, wanda a da shi ke buga mujallun wasan bisa yarjejeniya, aka kuma karɓe su daga hannunsa a 2007. Paizo ya duba ya ga tsofaffin ƙa'idojin suna nan a buɗe, kuma akwai ɗimbin mutanen da ba su son sabon bugun. Sai ya gyara su, ya ƙawata, ya fitar da wasansa mai suna Pathfinder a 2009.

Bayan shekara biyu zuwa uku, masu bibiyar cinikin shagunan wasanni a Amurka suka fara ba da rahoton cewa Pathfinder ya sha gaban Dungeons & Dragons. Wasan da ya yi shekara kusan 40 yana jan ragama ya koma na biyu, kuma wanda ya kayar da shi da kayan gidansa ya yi amfani.

Kamfanin Wizards ya karanta darasin. Ya fitar da bugu na biyar a 2014, a farkon 2016 kuma ya mayar da ginshiƙansa ƙarƙashin tsohon lasisin. Shekarun da suka biyo baya su ne mafiya albarka a tarihin wasan. Shirye-shiryen intanet irin su Critical Role, inda ake kallon mutane suna wasan kai tsaye, da fim mai dogon zango na Stranger Things, suka jawo miliyoyin sababbin 'yan wasa. Zaman gida na lokacin korona ya ƙara rura wutar.

Mako uku na Janairu

A ranar 5 ga Janairun 2023 kafar labarai ta Gizmodo ta fallasa daftarin sabon lasisin da kamfanin ke shiryawa a ɓoye. Daftarin ya ce tsohon lasisin da aka yi shekara 22 ana dogaro da shi ya daina aiki. Duk wanda cinikinsa ya haura dala 50,000 a shekara sai ya kai rahoto. Wanda ya haura dala 750,000 zai biya kashi 25 cikin ɗari na abin da ya ɗoru, kuma daga kuɗin ciniki za a cire, ba daga riba ba. Akwai kuma sashen da ya ba kamfanin damar amfani da abin da wasu suka ƙirƙira ba tare da biyansu ba.

Kamfanin yana da hujjojinsa, kuma ya kamata a ji su. Ya ce yana so ya hana a liƙa sunan wasansa a littattafan ƙiyayya da wariyar launin fata. Ya ce an yi lasisin ne don masoya da ƙananan marubuta, ba don manyan kamfanoni su ci riba da guminsa ba, kuma waɗanda kuɗin zai shafa ba su wuce 20 ba. Duk mai dukiya zai fahimci wannan magana.

Amma mutanen da suka gina sana'arsu a kan alƙawarin 2000 sun ga abin a matsayin cin amana. Dancey da kansa ya fito ya ce ba a rubuta lasisin da niyyar a taɓa janye shi ba. Dubun dubatan mutane suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa. Abin da ya fi yi wa kamfanin zafi shi ne yadda masu biyan kuɗin wata-wata a shafinsa na D&D Beyond suka riƙa soke rajistarsu. Paizo ya sanar da cewa zai ɗauki nauyin rubuta sabon lasisi mai suna ORC, wanda ba kamfanin da zai mallake shi, sama da kamfanoni dubu suka mara masa baya. Ya kuma ce littattafan da ya tanada don cinikin wata takwas sun ƙare cikin mako biyu.

A ranar 27 ga watan kamfanin Wizards ya miƙa wuya. A ƙuri'ar jin ra'ayin da ya shirya da kansa, wadda mutum sama da 15,000 suka amsa, kusan kashi 90 cikin ɗari sun ƙi sabon tsarin. Ya bar tsohon lasisin yadda yake, ya kuma saki kundin ƙa'idojin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba shi ya rubuta ba, ba shi da ikon gyara shi, kuma ba a janye shi idan an bayar. A 2025 ya saki sabon kundin ta wannan hanya. Amma an riga an bar shi da sababbin abokan hamayya, don kamfanoni da dama sun lashi takobin fitar da wasanninsu don kada a sake ritsa su.

Abin da doka ta ce

Wani abin lura shi ne, a dokar Amurka tun ƙarni na 19 ba a mallakar hanya ko tsarin yin abu ta haƙƙin mallakar rubutu. Ana mallakar kalmomin da aka bayyana shi da su, da zane, da suna. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma ba ta kare tunani ko tsari tsagwaronsa. Ke nan ko ba lasisi, mutum na iya sake rubuta ƙa'idar wasa da kalmominsa.

To me ya sa aka yi ta kai ruwa rana a kan lasisin? Saboda ƙaramin marubuci ba shi da kuɗin lauya. Ko yana da gaskiya, shekara biyu a kotu da kamfani irin Hasbro ta isa ta talauta shi. Abin da lasisin ya ba shi shi ne kwanciyar hankali: ga iyaka a rubuce, in ka tsaya a cikinta ba mai taɓa ka.

A gida: ko a kulle, ko a sace

Wannan iyaka a rubuce ita ce babu a kasuwar adabin Hausa, kuma a ganina rashinta ya cuce mu ta fuska biyu.

Rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa da aro ya fara. Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na gabas, ya sa musu rigar Hausa har suka zama namu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin wani jarumin Rasha ya samo tushe. Ruwan Bagaja da Ganɗoki na shekarun 1930, da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari suka yi ta rububi a shekarun baya, cike suke da takubba da aljanu da matsafa da tafiye-tafiye, wato irin duniyar da wasannin nan na Amurka ke sayarwa. Kayan aikin muna da su tuntuni.

Amma dubi yadda kasuwar ta tafi. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, zamanin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, marubuta da yawa sun koka cewa ɗan kasuwa kan saye littafi ɗungurungum da kuɗi kaɗan, ya yi ta bugawa, marubuci na kallo. 'Yan fim sun sha irin wannan a hannun masu satar faifai, har kasuwar faifan Ƙofar Wambai ta mutu, aiki ya koma hannun masu tura fim a waya.

Yau marubuciyar da ke sayar da littafinta shafi-shafi a WhatsApp kan 'yan ɗaruruwan naira ba ta da wani makami sai gargaɗin da take rubutawa a saman kowane shafi: littafin kuɗi ne, wadda ta karanta ba ta biya ba ko ta fitar, ban yafe ba. Washegari sai ta tsinci littafin a wasu rukunonin, ko ta ji wani yana karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Tana da gaskiya ɗari bisa ɗari in ta yi fushi. Guminta ne, da kuɗin datarta, da barcin da ta hana idonta.

Sai dai gargaɗin nan ɓarawo ba ya jin sa, mai mutunci kaɗai yake tsayarwa. Yarinyar da ke son rubuta ci gaban labarin wata tauraruwa da ta burge ta, malamin makarantar da ke son mayar da littafin wasan kwaikwayo don ɗalibansa, matashin da zai zana shi ko ya mayar da shi wasan kati, duk ba su san inda aka yarda su tsaya ba. Masu tsoron Allah a cikinsu sai su haƙura, marubuciyar kuma ta rasa waɗanda da za su yaɗa sunanta.

Wasu marubutan za su ce, kuma na ji ƙarfin maganarsu, wanda ake sace wa kaya ba shi za a ce wa ya buɗe ƙofa ba. Hasbro na da lauyoyi da shaguna a duniya, yana iya sakin ƙa'idoji ya ci riba a wani wuri. Marubuciyar da ke Tsanyawa ko Bichi labarin nan shi ne duk jarinta. Haka ne. Amma buɗaɗɗen lasisi bai ce a saki komai ba. Kamfanin Wizards bai saki manyan littattafansa kyauta ba, ya ware abin da ya yarda a gina a kai, ya riƙe sauran. Marubuci na iya cewa: rubutuna na sayarwa ne, ba a kwafa, ba a karantawa a YouTube sai da yarjejeniya, amma garin da na ƙirƙira da mutanen cikinsa, kowa na iya rubuta sabon labari a kansu muddin ya ambaci sunana. Wikipedia ta Hausa ma da buɗaɗɗen lasisi take tafiya, kuma da shi matasa suka tara dubun dubatan maƙaloli.

Masu yin wasa a Nijeriya, da ra'ayin malamai

Sana'ar ƙirƙirar wasannin tebur ta fara kafuwa a ƙasar nan. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu, wanda ke ƙera wasanni yana kuma shirya taron shekara-shekara na masu wannan sana'a a Afirka. A 2021 kamfanin ya sami kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fage a duniya. A Legas an fitar da Monopoly na birnin tun 2012, shi kuma da lasisin biya daga masu shi. Hanyoyin biyu ke nan a gabanmu.

A Arewa akwai wata tambaya da dole mai son shiga sana'ar ya fuskanta. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, har da Risala, sun hana wasan nardu, kuma malamai da yawa suna sa lido da duk wasan jefa ƙwaya a wannan babi. Iyaye kuma ba za su yi maraba da littafin da ke cike da gumaka da tsafi ba. Ko a Amurka an yi irin wannan tayar da jijiyar wuya a shekarun 1980, lokacin da wasu majami'u suka yaƙi wasan. Wannan damuwa ba abin rainawa ba ce, kuma nan ma buɗaɗɗen lasisi ke da amfani, domin ya halatta gyara. Mai fassara na iya cire abin da bai dace ba, ya sauya yadda ake yanke nasara, ya kafa labarinsa a kan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, ko ganuwar Kano, ko rijiyar Kusugu ta Daura. Kundin ƙa'idojin da Wizards ya saki, mai shafi kusan 400, an riga an fitar da shi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Wanda zai mayar da shi Hausa ba ya bukatar ya rubuta wa kowa takarda, ambaton tushe kawai ake nema.

Gizo na wa ne?

Saura kayan gado. Lido da ake bugawa a kowace unguwa daga wasan pachisi na Indiya aka samo shi, wani Bature ya yi masa rajista a Ingila a 1896 ya zama hajar kamfani. Abin da ya sami pachisi zai iya samun dara ko langa ko Gizo da Ƙoƙi.

Dokarmu ta yi tanadi a kan haka. Ta kare al'adun gargajiya, tatsuniya da waƙa da rawa da sana'ar hannu, daga a yi kasuwanci da su a wajen muhallinsu ba da izini ba, ta kuma ɗora ikon ba da izinin a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Ta bar ƙofa ga marubucin da ya ari wani abu daga gargajiya don ƙirƙirar sabon aikinsa, muddin aron bai wuce kima ba. Matsalar ita ce kimar nan ba ta fito fili yadda ɗan sakandare a Tsanyawa zai gane ba. Idan ya buga wasan kati na Gizo yana sayarwa, aro ya yi ko kasuwanci da kayan al'umma? Idan kamfani daga waje ya yi haka fa, wa zai karɓi kason, kuma ta wace hanya zai iso ga mutanen da suka riƙe tatsuniyar?

Wannan aiki ne da hukumar za ta iya yi tare da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da masana Hausa na Jami'ar Bayero: bayani da Hausa mai sauƙi a kan abin da ke na kowa da abin da ke na mai shi, da samfurin lasisi na shafi ɗaya wanda marubuciya za ta liƙa a farkon littafinta ta zaɓi abin da ta yarda da wanda ba ta yarda ba. Abin da ya faru a Janairun 2023 ya nuna sharaɗi ɗaya da bai kamata a manta da shi a takardar ba, wato a rubuta ƙarara cewa izinin da aka bayar ba a janye shi, ko da littafin ya yi kasuwa, ko da wani kamfani ya saye shi daga baya.